Littafi a Hannun Yaro Ƙarami: Amsar Wasiƙun Masu Karatu

Wasiƙun da suka iso wannan fili a watan nan, mafi yawansu daga cikin birnin Sakkwato da garuruwan da ke kewaye da shi, sun karkata ne ga magana ɗaya, wato yadda za a saba wa yaro ƙarami da karatu tun kafin ya shiga aji ɗaya, da irin gudummawar da ɗakin karatu da mutanen unguwa za su iya bayarwa. Na taƙaita wasiƙun saboda ƙarancin fili, kuma kamar yadda aka saba, ba a buga sunan kowa ba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Yarona yana da shekara uku. Na saya masa littafi mai hotuna, bai kwana biyu ba ya yayyaga shi. Uwar mijina ta ce ɓarnar kuɗi ce kawai, a bari sai ya yi wayo an sa shi makaranta. Shin gaggawa na yi? Daga wata uwa a Mabera.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Ba ki yi gaggawa ba, amma Inna ma tana da gaskiya ta wata fuska, domin idan abin da ake nufi da karatu shi ne a zaunar da ɗan shekara uku, a damƙa masa fensir, a ce sai ya rubuta baƙaƙe, to wannan lokacinsa bai yi ba, kuma tilasta shi yakan sa yaro ya tsani takarda tun bai san amfaninta ba.

Karatu daga kunne yake farawa. Rubutun boko sautin magana ne aka ɗora a kan takarda, saboda haka yaron da zai karanta raƙumi wata rana sai ya riga ya san raƙumi a bakinsa, kuma kunnensa ya saba jin kalmar tana rabuwa gida uku, ra-ƙu-mi, kamar yadda zai ji cewa tuwo da tukunya da tumaki duk da sauti ɗaya suka fara. Wannan ana samunsa ne a waƙar raino, da waƙoƙin gaɗa da 'yan mata suke yi a dandali, da kacici-kacici, da wasan karya harshe irin na ƙato da kwaɗo da suka tafi neman ƙoto, da kuma tatsuniya, wadda take koya wa yaro cewa labari yana da farko da tsakiya da ƙarshe, tun daga "ga ta nan, ga ta nanku" har zuwa "ƙurunƙus". A wannan fanni Inna ta fi ki kayan aiki, ta kuma fi ni. Maimakon ja-in-ja a kan littafi, ki roƙe ta cikin ladabi ta riƙa yi wa jikanta labarin Gizo da Ƙoƙi bayan sallar isha'i, za ki ga ta zama abokiyar aikinki a cikin al'amarin.

Shi kuwa littafi, ki ɗora yaron a cinyarki, ki bar shi ya riƙe da kansa. Zai juya shi kai a ƙasa, zai buɗe daga baya, zai tsallake shafi huɗu ya tsaya a kan hoton akuya, ya ɗora mata yatsa yana kallon fuskarki. Kada ki janye shi zuwa shafin farko. Ki ce, "Mece ce wannan?" Idan ya ce akuya, ki ce, "Akuya ja, irin ta gidan Baffa. Ina za ta?" Sai ki saurari duk abin da ya faɗa, ki ƙara masa kalma ɗaya ko biyu a kai. Wannan hanya ta hira a kan littafi, wani masani ɗan Amurka mai suna Grover Whitehurst da abokan aikinsa sun gwada ta a 1988, suka ga yaran da ake yi wa haka sun fi waɗanda ake karanta wa kawai buɗewar baki. A 2014 kuma ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta shawarci iyaye su fara karanta wa yaro tun yana jariri. Idan kika zo kan rubutu, ki riƙa bin layin da yatsa daga hagu zuwa dama, domin ya fahimci cewa maganar da kike yi daga waɗannan baƙaƙen take fitowa. Minti goma a yini ya isa, kuma idan ya nace sai littafi ɗaya kullum, ki maimaita masa, domin maimaicin shi ne karatunsa a yanzu.

Batun yagawa kuwa, kada a doke shi a kansa. Ki nemi littafi mai shafukan kwali idan da hali, in babu ki liƙe gefen shafuka da salatif, ki ɗinke gindin littafin da zare da allura. Wanda ya yage, ku gyara shi tare yana kallo.

TAMBAYA: Malam, 'yata mai shekara biyu ba ta cin abinci sai an kunna mata waya. Akwai bidiyon koyon baƙaƙe da yawa a ciki. Ba za su wadatar ba? Daga wani uba a Arkilla.

AMSA: Ba za su wadatar ba, Malam. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa yaron da bai kai shekara biyu ba kada a zaunar da shi gaban waya ko talabijin, daga shekara biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini, in ya yi ƙasa da haka ya fi. Dalilin a fili yake: bidiyo yana magana, amma ba ya jiran amsar yaro, alhali yaro yana koyon harshe ne ta hanyar ya faɗa a mayar masa. Ka rage mata a hankali, ka fara da raba waya da lokacin cin abinci, ka cike gurbin da hira da kai.

TAMBAYA: Malam, na ɗauki 'yata mai shekara biyar zuwa wani ɗakin karatu domin ta ga littattafai, sai aka tare mu a bakin ƙofa aka ce nan ba wurin wasan yara ba ne. Da na leƙa ciki, duk manya ne masu shirin jarrabawa. Shin laburare na manya ne kawai? Daga wani ɗan kasuwa a Runjin Sambo.

AMSA: Alhaji, abin da ya same ka ya ɓata mini rai, domin yarinyar da aka mayar daga ƙofar ɗakin karatu tana shekara biyar ta riga ta ɗauki darasi, kuma darasin shi ne cewa littafi ba nata ba ne. Sai dai ya kamata mu bambance. Sakkwato tana da manyan gidajen littafi, kamar Laburaren Abdullahi Fodiyo na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Cibiyar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu, inda ake adana rubuce-rubucen hannu na malaman Daular Usmaniyya. Waɗannan domin masu bincike aka yi su, kuma sun cancanci shiru da taka-tsantsan. Ɗakin karatu na jama'a kuwa hukuncinsa daban ne. Bayanin da UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta fitar a 1994 game da irin waɗannan ɗakuna ya sanya saba wa yara da karatu tun suna ƙanana a farkon jerin ayyukan da aka kafa su domin su. Saboda haka 'yarka haƙƙinta ta je nema.

Sashen yara ba ya bukatar wani sabon gini. Kusurwa ɗaya ta isa, ko baranda, ko gindin bishiyar dogon yaro a cikin harabar, muddin akwai tabarma, da kanta gajeriya wadda hannun yaro zai kai, da littattafan da aka jera fuskarsu tana kallon waje, domin yaro da hoto yake zaɓar littafi. Sai kuma ma'aikaci ɗaya mai haƙuri wanda zai zauna a ƙasa ya karanta da murya, ya kwaikwayi kukan kura da na zakara ba tare da jin kunya ba. A wannan sashe hayaniya ba laifi ba ce. Ni a ganina, littafin yara da ya shekara a laburare yana nan fes bai yi datti ba, shaida ce cewa an hana shi aikinsa, kuma ma'aikacin da ake yaba wa saboda littattafansa ba su lalace ba, an auna shi da ma'aunin da bai dace ba. Ya kamata a riƙa tambayarsa yara nawa suka zo, littafi nawa aka ara zuwa gida.

Abin da zan ba ka shawara shi ne ka koma, amma wannan karon ka nemi ganin shugaban wurin, kuma ka tafi da iyaye uku ko huɗu da takarda a rubuce, kuna roƙon a ware wa yara awa ɗaya a safiyar Asabar. Roƙo ƙarami mai iyaka ya fi saurin karɓuwa a kan dogon ƙorafi. Idan kuka yi alƙawarin kawo tabarmi da littattafan farko daga aljihunku, zai yi wuya a mayar da ku hannu rabbana.

Akwai kuma ƙasashen da suka lura cewa jiran yaro ya zo laburare ba ya isa, sai suka bi shi inda yake. A Ingila shirin Bookstart ya fara raba wa jarirai littafi kyauta a 1992. A birnin Boston na Amurka likitocin yara sun fara miƙa wa iyaye littafi a ɗakin duba marasa lafiya tun 1989. A Kenya hukumar ɗakunan karatu ta ƙasa ta taɓa ɗora akwatunan littafi a bayan raƙuma zuwa ga makiyayan yankin Garissa. Mu da muke da ranakun rigakafi, inda mata suke zama a kan benci da goyo a baya suna jiran layi na tsawon sa'o'i, muna da wurin da ya fi kowane dacewa da a ajiye kwandon littafi da mai karantawa.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, mu matasa ne muke da ƙungiyar taimakon kai da kai. Muna son buɗe wa yaran garinmu ɗakin karatu, amma kuɗin da aka ƙiyasta mana na gini ya fi ƙarfinmu. Ta ina za mu fara? Daga sakataren wata ƙungiya a Gwadabawa.

AMSA: Ɗana, Allah ya yi muku albarka. Ku ajiye maganar gini tukuna. Mutumin ƙasar Sakkwato ba ya bukatar ya tsallaka teku kafin ya ga yadda ake kai ilimi gida-gida ba tare da gini ba, domin Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta riga ta shimfiɗa mana hanya. Ta zaɓi mata dattawa masu amana, ta naɗa su jajoji, ta ɗora musu malfa, su kuma suka riƙa jagorantar mata daga ƙauyuka zuwa wurinta, su ɗauki karatu cikin waƙa a harshen da suke ji, su koma su koyar a cikin gidaje. Waɗannan su ne 'Yan Taru. Abin lura a tsarinta shi ne ta fara da mutum amintacce, ta ba shi abin da zai iya ɗauka, ta sa ilimin ya yi tafiya. Ku ma da mutum za ku fara.

Ku nemi wanda yara suke so, iyaye kuma suka yarda da shi, ko tsohon malamin makaranta da ya yi ritaya, ko malamar Islamiyya, ku haɗa shi da matasa biyu daga cikinku. Ku je wurin mai unguwa da liman kafin ku buɗe komai, ku nuna musu littattafan ɗaya bayan ɗaya, domin abin da aka fara a bayan idonsu yakan mutu da jita-jita. Daga nan sai akwatin ƙarfe mai makulli, irin wanda ɗaliban makarantar kwana suke tafiya da shi, da tabarma biyu, da zauren da mai shi ya ba da aro. A ɗora akwatin a kan bulo ko benci saboda gara da danshin damina, a sa littattafan a leda saboda ƙurar hunturu. Wurin zaman ya kasance a sarari inda mai wucewa yake gani, kuma kada a bar babba ɗaya shi kaɗai da yara.

Lokaci yana da muhimmanci ƙwarai. Kada ku yi karo da makarantar allo ko Islamiyya, domin idan kuka sa iyaye zaɓi tsakaninku da su, kun faɗi. Alhamis da Juma'a, da ake hutun allo, sun fi dacewa, kuma a watannin bazara da zafi yake haura digiri 40 sai a bari har bayan la'asar. Ku kuma tuna da 'yan mata masu talla da waɗanda ba sa nisa da gida. Idan akwatin yana zaure ɗaya kullum, yara maza ne za su cika shi. Ku sa ya riƙa kwana a gidaje bi da bi, wata yaya ko uwa ta karanta wa yaran gidan da na maƙwabta a tsakar gida.

Littattafan kuwa, abin da ya fi wuya shi ne samun na Hausa da suka dace da ɗan shekara huɗu ko biyar, domin yawancin abin da aka buga tun zamanin Hukumar Talifi da kamfanin Gaskiya a Zariya an yi shi ne domin wanda ya riga ya iya karatu. Amma yanzu akwai mafita. Shirin African Storybook, wanda wata cibiya ta Afirka ta Kudu mai suna Saide ta buɗe a 2014, da StoryWeaver na Indiya, da Bloom Library, duk suna da gajerun labarai masu hotuna da Hausa a intanet, kuma akasarinsu an yarda a sauke a buga kyauta. Ku sauke a waya, ku kai shagon kwamfuta a buga, ku ɗinke. Sai dai ku karanta kowane ɗaya kafin bugawa, domin wasu an rubuta su ba tare da ƙugiyar ɓ da ɗ da ƙ ba, kuma yaro mai koyo bai kamata ya ga baƙi ɗaya yana ɗaukar sauti biyu ba. Haka nan shirin Mu Karanta, wanda aka gudanar a jihohin Sakkwato da Bauchi daga 2015 da tallafin hukumar ba da agaji ta Amurka, USAID, ya samar da littattafan Hausa na aji ɗaya zuwa uku. Ku tambayi hedimasta da kwamitin kula da makarantar garinku ko akwai kwafin da za su ba ku aro.

Wanda ya fi duka a wurina shi ne wanda za ku rubuta da kanku. Ku zauna da wata tsohuwa ta ba ku tatsuniya, ɗalibin sakandare ya rubuta, mai iya zane ya zana. Shafi takwas, kowane shafi jumla ɗaya da manyan baƙaƙe. Ku rubuta labarin yaron da ya bi babansa fadama cirar albasa, da na jakin da ya ƙi tsallaka ruwa, da na raƙuman da suke shigowa daga Illela ran kasuwa. Yaron da ya buɗe littafi ya tarar da fadamar garinsu a ciki, ba sai an roƙe shi ya sake buɗewa ba.

Ku ajiye littafin rajista, ku ba da aro zuwa gida na mako ɗaya, kuma ku sa a ranku tun yanzu cewa wasu za su ɓace, wasu za su dawo da tabon miya. Kada ku sa tara, domin tarar naira ɗari ta isa ta sa uwa ta hana ɗanta sake aro har abada. Game da kuɗi, littafin da aka ajiye domin yaran gari waƙafi ne, kuma jiharmu tana da Hukumar Zakka da Waƙafi da za ku iya kai wa bukatarku a rubuce bayan kun yi wata shida kuna aiki, rajistarku tana hannu a matsayin shaida. Kafin nan, ku roƙi mata su riƙa haɗa ɗan littafi ɗaya a cikin kayan barka, kusa da sabulu da zane.

TAMBAYA: Malam, ƙanwata ce take rubuta mini wannan. Ni ban yi boko ba, allo kawai na yi, na kuma sauke. Yarana biyu suna firamare, ina jin ciwon ba ni da abin da zan taimake su da shi. Daga wata uwa a Wurno.

AMSA: Malama, wadda ta sauke Alƙur'ani mai karatu ce, kuma kada ki yarda wani ya ce miki ba haka ba. Ki tuna yadda aka koyar da ke. An fara da babbaƙu, kina kiran kowane harafi da sunansa, alu, ambaki, wau, zal, sannan aka shiga farfaru aka ɗora wasula, sannan aka haɗa har kika iya ja da kanki. Wannan tsari na harafi, sai wasali, sai haɗawa, shi ne ainihin abin da masanan koyar da karatu suke nema a aji ɗaya, inda yaro yake koyon b da a su ba da ba. Kin san zafin wannan mataki da daɗinsa fiye da iyaye da yawa masu takardar shaida.

Saboda haka idan yaranki sun dawo, ki sa su zauna kusa da ke su karanta miki da murya, ko kina tankaɗe ko kina tsinke zogale. Ba sai kin ga baƙin ba kafin ki gane kuskure, domin Hausa ce suke karantawa, kuma kunnenki zai gaya miki idan maganar ba ta tashi daidai ba. Ki ce, "Sake faɗa, ban ji ba." Idan sun gama, ki tambaye su abin da ya faru a labarin da dalilin faruwarsa. Ki sa babban ya karanta wa ƙaramin. Ki nuna musu ajamin da ke jikin takardar naira 500, ki karanta musu, su kuma su karanta miki abin da suka iya na boko a jikin kwalin shayi, domin su san cewa gidanku gidan rubutu biyu ne. Kuma idan kina da sha'awa, wadda ta iya farfaru ba ta daɗewa kafin ta kama boko, sai ki nemi ajin yaƙi da jahilci na mata mafi kusa da ke.

TAMBAYA: Malam, ni malamin aji ɗaya ne. Iyaye suna matsa mini in fara wa yara karatu da Turanci, suna cewa Hausa ai sun iya ta tun daga gida. Kuma yaran suna cewa "tahi", littafi yana cewa "tafi". Wanne zan bi? Daga wani malami a Boɗinga.

AMSA: Malam, iyayen suna son 'ya'yansu da alheri, kuma bukatarsu ta Turanci gaskiya ce, domin da shi ake jarrabawa da neman aiki. Inda suka kuskure shi ne hanya. Yaro yana rarrafe kafin ya miƙe, kuma wanda aka ce ya koyi sabon harshe da dabarar karatu a lokaci guda, an ɗora masa kaya biyu, sai ya koma haddar abin da ke kan allo ba tare da ya san ma'anarsa ba. Cewa sun iya Hausa tun daga gida, ai shi ne dalilin farawa da ita, domin abin da ya rage musu shi ne gane baƙaƙe kawai, kuma rubutun Hausa yana da sauƙin bi, wasula biyar ne, kusan kowane baƙi da sautinsa. Wanda ya gane dabarar haɗa baƙi da wasali sau ɗaya, da ita zai shiga Turanci.

An gwada wannan a ƙasar nan. Daga 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci wani shiri a Ile-Ife, inda aka koyar da yara da Yarbanci tsawon shekara shida na firamare, Turanci yana matsayin darasi, kuma yaran ba su gaza takwarorinsu ba har a Turancin. Halin da muke ciki kuma bai bar mana damar wasa ba. Gwajin karatu da aka yi wa 'yan ƙananan azuzuwa a Sakkwato da Bauchi a 2013 ya nuna cewa mafi yawansu ba su iya karanta ko kalma ɗaya ta Hausa ba, kuma Bankin Duniya ya ƙiyasta a 2022 cewa a ƙasashen Afirka kudu da Sahara yara 89 cikin 100 masu shekara goma ba sa iya karanta gajeren labari su fahimce shi. Ka kira iyayen, ka sa yaro ɗaya ya karanta musu shafin da bai taɓa gani ba, sannan ka bayyana musu cewa Turanci yana nan ana koyar da shi ta baki da waƙa kafin a shiga rubutunsa. Abin da suka gani da idonsu zai fi dogon bayani tasiri.

Maganar "tahi" kuwa, kada ka taɓa ce wa yaro ya yi kuskure, domin harshen uwarsa ne da na kakanninsa, kuma da shi aka yi waƙoƙi da wa'azi masu daraja a wannan ƙasa. Ka ce masa, "Haka muke faɗa, littafi kuma ga yadda yake rubutawa." Idan yaro ya ga "tafi" ya karanta "tahi", ka yi murna a ranka, domin ya fahimci abin da ya karanta. Daidaitacciyar Hausa ta rubutu za ta zauna masa a hankali gwargwadon yawan littattafan da suka ratsa hannunsa, shi ya sa kwandon littattafan labari a bayan aji, wanda yara suke taɓawa ba sai da izini ba, yake cikin kayan aikinka kamar alli da allo.

TAMBAYA: Malam, jikana ya kai shekara bakwai, ƙannensa sun fara haɗa baƙi, shi har yanzu. Ana ce masa daƙiƙi a gida. Daga wata kaka a Tudun Wada.

AMSA: Hajiya, abu na farko ki hana wannan suna a gidan, ke ce mai ikon hanawa. Na biyu, a kai shi asibiti a duba kunnensa da idonsa, domin ciwon kunne mai fitar da ruwa da raunin gani suna hana yara da yawa karatu ba tare da kowa ya lura ba. Idan an tabbatar lafiyarsu ƙalau, to akwai yara masu kaifin basira waɗanda haɗa sauti da baƙi yake yi musu wuya, kuma suna koyo idan aka bi su a hankali, baƙi ɗaya ko biyu a mako, yana faɗa da baki yana zana shi da yatsa a kan rairayi, a keɓe inda ƙannensa ba sa kallo. A ci gaba da karanta masa labaran da suka dace da shekarunsa domin kada ya rasa kalmomi yayin da yake kokawa da baƙaƙe, kuma ki sa mahaifinsa ya je ya ga malamin ajinsu a cikin makon nan, su tsara abin da za a riƙa yi masa a gida da a makaranta.